Idan Yaranku Sun Shiga Gasar Robot: Shawarwari Ga Gidajen Rufa'a da Ƙauyukan Jazira

Wata Juma'a bayan la'asar na shiga gidan ƙanena a nan Rufa'a, na tarar da 'yarsa da wasu samari biyu 'yan makarantarsu a durƙushe ƙarƙashin rumfa, sun zuba wa wata 'yar amalanke ido. Girmanta bai wuce kwanon sha ba. Taya biyu ce, da batir, da wani ɗan allon lantarki, sai wayoyi ja da baƙi a cukurkuɗe a samanta. Sun manna baƙin salatif a kan farin kwali, aikinta shi ne ta bi layin nan har ƙarshe. Da hantsi ta bi, in ji su. Yanzu kuwa da ta yi taku biyu sai ta saki layi ta nufi gindin randa. Mahaifiyarmu tana kan gadon angarib tana tsince wake, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ku bar ta ta sha ruwa mana, ita ma zafin nan ya ishe ta."

Yarinyar ce ta gano matsalar, kuma bisa tsautsayi. Ta sunkuya za ta ɗauke abin, inuwarta ta rufe shi, sai ga shi ya kama layi tiryan-tiryan. Ashe rana ce ta yi ƙasa, haskenta ya shigo ta gefen rumfa ya makantar da 'yan idanun da ke ƙarƙashin amalanken, waɗanda ke aika wani haske da idon mutum ba ya gani, su auna abin da ya dawo musu daga fari ko baƙi. Rana tana da irin wannan hasken jingim. Suka yanka kwali suka yi wa idanun rumfa, magana ta ƙare.

A rediyo ana ce masa mutum-mutumi, amma na 'yan makaranta bai yi kama da mutum ba ko kaɗan, shi ya sa yaran suke ce masa robot kawai. Gasarsa a babban zaure ake yin ta a wani birni mai nisa. Shirinta kuwa a tsakar gida ake yi, domin ustaz awa biyu ko uku yake samun yaran a mako, sauran lokacin duk a hannunku suke. Ga abin da na ga gida zai iya yi.

1. Ku fara sanin wace gasa ce, da watanninta

Kada ku yarda da "gasa za mu shiga" kawai. Ku tambayi sunanta, ku sa a karanta muku dokokinta. Akwai World Robot Olympiad, wadda aka fara a 2004. Tana karɓar yara daga shekara 8 zuwa 19, ƙungiya ɗaya mutum biyu ne ko uku da mai horar da su. A watan Janairu ake fitar da dokokin shekara, a yi gasar ƙasa a tsakiya, sannan a yi ta duniya wajen ƙarshen shekara. Akwai FIRST Global, wadda Ba'amurken nan Dean Kamen ya kafa. Ita ƙungiya ɗaya tak take karɓa daga kowace ƙasa, 'yan shekara 14 zuwa 18, kuma kowa kaya iri ɗaya ake aika masa. An yi ta farko a Washington a Yulin 2017, da 'yan Sudan a ciki. Daga nan ta je Mexico a 2018, Dubai a 2019, Geneva a 2022, Singapore a 2023, Athens a 2024. A Afirka kuma akwai wadda ake yi a Dakar, Pan-African Robotics Competition, ta Farfesa Sidy Ndao ɗan Senegal.

Amfanin sanin watannin shi ne ku jera su kusa da kalandar gida. Damina a nan daga Yuli zuwa Satumba ne, lokacin da baƙar lakar Jazira ke riƙe mota kwana guda a hanya, kuma lokacin da gona ke neman hannun kowa. Idan gwajin makaranta ko na jiha ya faɗo a tsakiyar nan, gara a sani tun da sanyi.

2. Ku ba su kusurwa, kuma ta zama tasu

Ba ɗaki guda ake nema ba. Tebur ɗaya ya isa, ko tsohuwar ƙofa a kan bulo huɗu, a wurin da ba sai an kwashe kaya ba duk lokacin da za a ci abinci. Rabin wahalar yaran nan kwashewa da sake shimfiɗawa ce, kuma a nan ne noti ke ɓata.

Abokan gabar robot a ƙasarmu uku ne: ƙura, zafi da ƙannen gida. Idan habub ta taso, ƙura tana shiga haƙoran inji, ta kwanta a kan idanun na'ura, washegari a yi ta zargin manhaja alhali laifin iska ne. Akwatin ƙarfe irin na amare, ko bokitin roba mai murfi, shi ne maganinta. Gwangwanayen madara da na tumatir su zama ma'ajiyar noti da sukuru, kowane iri da nasa. Ƙannen gida kuwa maganarsu ta fi ta ƙura nauyi. Ƙaramin batir mai kamar kwabo, da 'yan ƙananan maganaɗisu, idan yaro ya haɗiye su suna iya ƙona masa maƙogwaro ko su huda hanji. Abin da za a yi shi ne a nufi asibiti nan take, ba a tsaya ba shi madara ana jira ya fita ba.

Sai maganar daɓe. Robot ɗin da ya koyi tafiya a kan ƙasa ko tabarma, idan aka ɗora shi a kan shimfiɗa mai santsi ranar gasa sai ya zama wani abu dabam, tayarsa ta riƙa sulɓi, kwanarsa ta zarce. Shimfiɗar World Robot Olympiad tsawonta milimita 2362 ne, faɗinta 1143, wato kusan falle ɗaya na katako irin na kafintoci. Shi kansa robot ɗin ba a yarda ya wuce santimita 25 ta kowane gefe ba kafin ya tashi. Falle ɗaya na katako da ledar ɗaki a bisansa, in har an daidaita shi bai karkata ba, ya wadatar.

3. Wuta da batir

Wutar gari ba abin dogaro ba ce, kowa ya sani, kuma dawowarta ta fi ɗaukewarta haɗari ga kwamfuta. Idan aka ɗauke, a zare komai daga soket. Gidan da ke da sola ya ware wa yaran awannin tsakar rana, lokacin da faranti ke ba da wuta fiye da buƙata, su yi cajinsu. Gidan da ba shi da ita ya yi magana da maƙwabci ko mai shagon caji tun farkon kaka, a san farashi.

Batirin da suka fi amfani da shi ana ce masa 18650, domin kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65. Idan ya cika folt 4.2 yake kaiwa. Ba ya son a yi masa caji a zafin da ya wuce digiri 45, mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwarmu ma tana haura 40, balle ɗaki mai rufin kwano. A yi cajin a inuwa, a kan siminti ko cikin tasa mai yashi, nesa da katifa da zanan kara, kuma da mutum a kusa. Ba a kwana ana caji. Wanda ya kumbura, ko ya lotsa, ko rigarsa ta yage, an gama da shi, kuma ba a jefa shi a murhu ko a bolar da ake ƙonawa. Yara suna fasa tsohon batirin kwamfuta su ciro irinsa a ciki, tunda kyauta ne. In za a yi haka, a yi a gaban mai gyaran waya da ya san aikinsa.

Ga wani abu da zai rage muku jin kuka. Idan batir ya fara yin ƙasa, inji yana rage gudu, sai kwanar da aka auna jiya ta ƙi fita yau. Kafin su ce sun ɓata aikin mako guda, ku ce su gwada da cikakken batir.

4. Tarkacen da ba a taɓawa

A nan zan tsaya, domin wannan ta fi duk sauran. Yaron da ya fara haɗa robot idonsa yana canzawa. Duk abin da ya gani a yashe, tsohuwar firinta, fankar da ta mutu, motar wasa, sai ya hango inji da waya a cikinsa. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, kuma da ita ake zama injiniya a ƙasar da kayan shago suka yi tsada. Sai dai ƙasarmu ba kamar da take ba. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya iso Jazira a Disamban shekarar, gabashin kogi kuma ya ga abin da ya gani a Oktoban 2024. Yaƙi yana wucewa ya bar kayansa a baya: harsashin da bai fashe ba, gurneti a cikin ciyawa, ɓaraguzan jirgi marar matuƙi. Na ƙarshen nan ne ya fi tsorata ni, domin a cikinsa akwai daidai abin da yaranmu ke kwaɗayi, wato ƙananan injuna masu ƙarfi, da batir, da allon lantarki. Ana kuma iya samun abin fashewa maƙale a jikinsa.

Dokar gida ta zama ɗaya, a faɗe ta a gaban kowa: ba a shigo da tarkacen da ba a san gidan da ya fito ba. Rediyon Kawu da ta mutu, bismillah. Abin da aka tsinta a kango, ko a gona, ko a bakin tur'a, wato hanyar ruwan noma, ko a makarantar da mayaƙa suka taɓa zama, ba a taɓa shi, ba a shure shi, ba a jefe shi da dutse don a ga ko zai yi wani abu. A ja da baya ta hanyar da aka zo, a sa alama daga nesa, a gaya wa manya su sanar da hukuma. Haka nan a kula da abin da ake saye wurin 'yan gwangwan, tunda su ma ba duka suka san asalin kayansu ba.

Kada kuma ku bari su gwada wani abu mai tashi sama, ko na wasa ne. A wannan zamani abu mai shawagi a saman unguwa ba ya jawo wa gida alheri.

5. Kuɗi: a fara da ƙarami

Ba sai an sayar da akuya ba. Allon da ake ce wa Arduino, wanda aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗalibai, shi ne mafarin yawancin yara a duniya. Da shi, da injuna biyu masu taya, da allon da ke tuƙa injunan, da idanun bin layi, da wata na'ura mai auna nisa ta hanyar aika sauti ta saurari dawowarsa kamar jemage, daga santimita 2 zuwa mita 4, an haɗa robot na koyo. Manhajar rubuta masa umarni kyauta ce, kuma da an sauke ta sau ɗaya ba ta ƙara neman intanet. Scratch ma haka, ga ƙanana.

Kayan gasa na hukuma suna da tsada, wannan nauyin makaranta ne ko na mai ɗaukar nauyi, ba na gida ɗaya ba. Abin da gidaje uku na 'yan ƙungiya za su iya shi ne adashi, irin sandug ɗin da matanmu ba su taɓa dainawa ba, a ajiye a hannun uwa ɗaya mai riƙon amana da littafi. Duk abu mai araha a sayi biyu, domin allon nan folt 5 yake ci, kuma waya ɗaya aka juya sai ka ji ƙaurin roba. Za su ƙona ɗaya, ku sa wannan a lissafi tun yanzu don kada a yi duka ranar. Ku fara tambayar masu gyaran waya na kasuwa, sannan Hasahisa a tsallaken kogi, sannan Madani. Ɗan'uwan da zai dawo daga Saudiyya ko Masar kuwa, kayan nan duka ba su cika aljihun jaka ɗaya ba, turaren da zai kawo ya fi su nauyi.

6. Ku cire hannunku

Wannan ta makanikai ce, da masu walda, da masu gyaran famfon ban ruwa, kuma muna da su da yawa. Ni kaina na faɗa ramin. Na ga tayar robot ɗin 'yar ƙanena tana girgiɗi, na ce, "Kawo nan, 'yata, minti biyu ne." Ta miƙo mini ba don ta so ba, ta ce, "Baba, to in alƙali ya tambaye ni yadda aka yi, in ce masa me?" Na mayar mata da sukudirebanta.

Gaskiyarta. Dokar World Robot Olympiad ta ce ginawa da rubuta umarni aikin yara ne su kaɗai, ko mai horar da su ba a yarda ya yi musu ba. Alƙalai suna iya tsayar da su su yi musu tambayoyi, kuma akan fito da wata sabuwar doka a safiyar gasa wadda babu wanda ya san da ita, yaran su gyara abinsu a nan take babu babba a kusa. Wanda aka yi wa aiki a gida a nan asirinsa ke tonuwa. Abin da babba zai yi shi ne ya koya musu riƙon ƙarfen narka dalma a kan tsohuwar waya, ya nuna musu yadda ake karanta mita, ya sa su wanke hannu bayan sun taɓa dalma kafin su ci kisra, sannan ya koma kan shayinsa.

Akwai inda iliminku ya fi na ustaz amfani. Wasu rukunan gasar ba tsere ba ne, cewa ake yi yara su kawo na'urar da ke warware wata matsala ta gaske. Taken FIRST Global na 2017 ruwa ne, na 2024 kuma abinci. Wa ya fi jikan wanda ya yi shekara arba'in a gonar hawasha sanin ruwa da abinci? Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 hannun Bahaushe ke cikin audugar Jazira. Ku kai su gona su ga yadda ake buɗe ruwa daga magudanar abu ishirin, yadda wani gefen ke nutsewa wani na ƙishi, yadda jan-baki ke sauka a kan dawa kamar hadari. Na'urar da za ta ji damshin ƙasa ta yi ƙara, ko ta kaɗa gwangwani idan tsuntsu ya sauka, ta fi kwaikwayon abin da suka gani a waya daraja a idon alƙali.

7. 'Ya mace

Idan wani ya ce muku wannan ba aikin mata ba ne, ku tuna masa a wane gari yake tsaye. A Rufa'a ne Shehu Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a 1907, da yara 17, tara daga cikinsu 'ya'yansa ne, a lokacin da mutane da yawa ke ganin abin kunya ne. Daga wannan tushe Jami'ar Ahfad ta mata da ke Omdurman ta fito.

A gasar Washington ta 2017 waɗanda duniya ta fi magana a kansu 'yan mata shida ne daga Herat ta Afghanistan. Sau biyu suka yi doguwar tafiya zuwa Kabul neman biza aka hana su, kayansu suka maƙale a kwastan har ya rage musu mako biyu kacal na gini, a ƙarshe suka je suka dawo da lambar azurfa ta jarumta.

A gidajenmu ba hani ne ke fitar da yarinya daga ƙungiya ba. Wanke-wanke ne, da ɗebo ruwa, da goyon ƙani, da cewa kada magariba ta yi mata a waje. Samarin suna ci gaba da aiki bayan ta tafi, bayan wata guda sai ta tarar ba ta gane robot ɗin ba, a mayar da ita mai riƙe jaka. Mafita mai sauƙi ce: a ajiye teburin a gidan yarinyar, samarin su zo, a idon uwa da kaka. Ranakun atisaye kuma a ɗauke mata aikin yamma a ɗora wa ɗan'uwanta, ba zai mutu ba.

8. Littafi da filas

Ku saya musu littafi mai bango mai kauri, su riƙa rubuta kwanan wata, abin da suka canza, da abin da ya biyo baya. Umarnin da suka rubuta kuma a kwafe shi a filas biyu, a gida biyu. Mun ga yadda layukan waya suka ɗauke a faɗin ƙasa a Fabrairun 2024, saboda haka dokokin gasa da darussa a sauke su a ajiye ranar da aka samu intanet.

9. Karatu da barci

Yaranmu sun yi asarar karatu mai yawa a shekarun nan, kuma jarrabawar shahadar Sudan ba ta san robot ba. Wanda ke ajin ƙarshe a yi masa iyaka: yamma biyu a mako da safiyar Asabar. Idan sakamakonsa ya fara zamewa a rage, amma kada a riƙa amfani da robot a matsayin bulala kan kowane ƙaramin laifi, domin akwai yara biyu da ke jiransa waɗanda ba su yi muku komai ba. Kwana bakwai kafin gasa a daina ƙara sabon abu, sai maimaita wanda ake da shi. Zagaye ɗaya a World Robot Olympiad minti biyu ne. Ku riƙe musu agogo, ku sa ƙannensu su yi ta hayaniya a kansu, tunda zauren gasa ba shiru ake yi ba.

10. Takardu da hanya

Jikokin mutanen da suka tako daga Burmi bayan yaƙin 1903 har suka kafa garin Mai Wurno a gaban Sinnar ba za a koya musu tafiya ba. Sai dai a zamaninsu babu biza. A 2017 ba 'yan Afghanistan kaɗai aka fara hanawa ba, har da 'yan Gambiya, sai daga baya aka ba su. Lambar ɗan ƙasa, takardar haihuwa da fasfo a fara nemansu ranar da yaro ya shiga ƙungiya, ba ranar da aka ce an zaɓe shi ba. Mu Hausawa mun san yadda takardar ɗan ƙasa kan ɗauki lokaci a hannunmu. A tabbatar kuma sunan da ke fasfo harafi da harafi shi ne wanda aka rubuta a rajistar gasa.

Ko Madani za a je, ku karɓi takarda daga makaranta mai hatimi, da sunayen yaran, da jerin abin da ke cikin akwati, da hoton robot ɗin. Akwati cike da waya da batir da allon lantarki, a shingen bincike, yana buƙatar wanda zai yi bayani, kuma babba ne zai yi, ba yaro ba. Robot ɗin a naɗe shi da tsohon bargo a riƙe shi a cinya, ba a ɗaure shi a saman mota tare da buhun albasa ba. In jirgi ne, batir a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin kayan da ake aunawa ba, kowanne an rufe bakinsa da salatif. A aljihun yarinya kuma a sa ƙaramin sukudireba da guntun kwali, ko da fitilun zauren za su yi wa idanun abin da ranar la'asar ta yi musu.